Harsasan da Baba Gombo Ya Hana Mu

Kafin shayin safe ya huce, Baba Gombo ya riga ya shimfiɗa farin ƙyalle a cikin tantinsa, ya jera kwanson harsasai da gwangwanin albarushi da ɗan ma'auninsa. Haka muka taso muka same shi a wannan kwari namu na Arhangai. Bindigarsa tsohuwar ta soja ce mai madubin hange, ta girme ni nesa ba kusa ba. Cikinta ya cinye, in ka sa mata harsashin kanti sai ta aika shi inda ta ga dama. Wanda Baba ya ɗura da hannunsa kaɗai take yi wa biyayya. Shi ke ɗurawa, mijina Baasan ke harbawa, tunda idon tsohon ya daina kaiwa nesa.

Mu makiyaya ba ma kiran kyarkeci da sunansa, sai dai mu ce karen dawa. Ku tambayi duk mai garke a kwarin nan, ba a taɓa ganin karen dawa yana jan ƙafa da harsashin Baba a jikinsa ba. "Ko ya faɗi nan take, ko a bar shi ya wuce," in ji Baba.

Bana sanyi ya cinye mana rabin dabbobi, mun gaji tiɓis, sai ga karen dawa ya sa 'ya'yan dawakinmu a gaba. Muka je karɓar harsasai ni da Baasan, muka tarar Baba yana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana mayar da albarushin cikin gwangwani.

Na ce, "Baba, lafiya? Aikin da ka gama kake kwancewa?"

Ya ce, "Hannuna ya yi rawa, 'yata. Akwai wanda na zuba wa fiye da ƙima, ban san wanne ba ne."

Baasan ya ce, "Haba Baba, ɗaya tak? Ba ni su haka, ai ni mai sa'a ne."

"Sa'arka ta ƙare ranar da ka auro wannan mafaɗaciyar. Ƙarfen nan ya tsufa kamar ni. In ya fashe, a fuskarka zai fashe."

Raina ya ɓaci, na ce to ya sake ɗurawa mana. Ya girgiza kai, ya naɗe ƙyallen, ya ce hannun da ya yi masa ƙarya sau ɗaya ba zai sake ɗora ran ɗan wani a kansa ba. Tun daga ranar bai sake shimfiɗa shi ba.

Mun sha wahala, ba zan ɓoye ba. Gadi muka yi ta yi har muka tashi daga wurin, duk da haka sai da karen dawa ya tafi da ɗan farar goɗiyata. Har yau in na ji ta tana haniniya, sai in tuna da ɗan nata.

Amma Baba, kai ne ka ajiye aikin rayuwarka alhali ba wanda ya ga kuskuren sai kai. Da ka yi shiru, da wa zai sani? Mun gode, ƙashin bayan kwari. Ku kuma masu sana'ar hannu, ranar da hannu ya yi rawa, ku buɗe baki ku faɗa kamar yadda ya faɗa.

Ga Baasan can yana gyaran linzami, yana zura zare a allura da idonsa biyu. Goɗiya za ta sake haihuwa baɗi. Ido kuwa ba ya tsirowa.