Gyaɗar Kande a Gindin Eriya

Kafin ciwon gwiwa ya zaunar da Lado, shi ke raba ruwan noman rani a fadamar Jajaye: yau na wane, gobe na wane, ba rigima. Da aka kafa eriyar waya a bayan gari aka ba shi gadinta, sai mutanenmu suka yanke hukunci cewa ai tsohon aikinsa ya koma. Kowa wayarsa ta ƙi tafiya sai ya nufi Lado da goro.

Shi kuwa ko makullin akwatin injin eriyar ba ya hannunsa. Abin da ya sani daga bakin injiniyan da ke zuwa dubawa ya ji shi. Wai eriya ce da kanta ke aika wa kowace waya ɗan saƙo a ɓoye: ga lokacinki, ga hanyar da za ki bi. Waya na saurare, in ta ji nata sai ta yi magana. Bayanin ya yi wa Lado daɗi ƙwarai, domin haka shi ma a da yake buɗe wa kowa hanyar ruwa a fadama in layinsa ya zo.

Wata ranar kasuwa Kande, tsohuwa mai sayar da gyaɗa, ta iso da kwano cike, ta ajiye masa. 'Yarta Munawwara na naƙuda a Kano, tun safe kira ya ƙi shiga.

"Malam Lado, don girman Allah ka sa ni a gaba."

Tausayinta ya kama shi. Ya mayar mata da kwanon.

"Iya, wallahi ba ni ke rabon ba. Yau wayoyi sun yi wa eriya yawa, kowa ɗan kaɗan yake samu. Zauna a inuwa, kasuwa ta watse tukuna."

Ta zauna tana harararsa, shi kuma yana ta ba ta labarin fadama, wanda ba ta tambaya ba. Bayan la'asar motocin 'yan kasuwa suka fara ɗagawa. Ta sake dannawa. Kira ya shiga.

Sai hawaye. Ta miƙo wayar ta kara a kunnen Lado, wanda Allah bai ba haihuwa ba. Kukan jariri ne, mai ƙarfi.

Da ta tashi tafiya ta bar kwanon a gefen tabarmarsa. Ya buɗe baki zai sake yi mata bayani.

"Na ji, ba kai ke rabo ba," in ji ta. "Amma kai ka taya ni jira."