Ƙodar Baba Bayan Tiyata

A bazarar da aka yi wa Baba aikin ƙaba, ni na zauna jinyarsa, don ni kaɗai na rage a Daura cikin 'ya'yansa maza. Dillalin shanu ne. Duk ranar kasuwa yana kan babur zuwa Mai'adua, ya wuni a rana, ya dawo da ciwon jiki. Ya yi shekaru yana shan wata ƙwaya ta kemis. A wurinsa wannan ba ta cikin lissafin magani, shi ya sa da mai allurar barci ya tambaye shi ko yana shan wani magani, ya ce babu.

An gaya masa lokacin da zai daina ci da sha. Shi kuma ya ƙara da nasa, ya bar ruwa tun wuni guda kafin nan, wai kada fitsari ya matsa masa a gadon tiyata.

Aiki ya yi kyau. Ya farka, ya nemi hularsa. Fitsari ne bai zo ba. An sa masa roba da jaka a gefen gado, nas ta ce in riƙa dubawa. Washegari abin da ya taru bai cika kofin shayi ba. Ƙafafunsa suka fara kumbura.

Likita ya zo da sakamakon gwajin jini, ya ja kujera.

"Baba, aikin ƙoda tace jini ne, kuma sai jini ya isa gare ta sosai take iya yi. Maganin barci yakan sauke ƙarfin jini, ga jikinka a bushe. Ka tabbata ba ka shan komai?"

"Sai dai 'yar ƙwayar gajiya."

Na je gida na ɗauko kwalin. Likita ya juya shi, ya ce irin wannan tana rage jinin da ke shiga ƙoda.

Baba ya ce, "Ƙodar ta mutu ke nan?"

"Suma ta yi. Sau da yawa takan farfaɗo. In ta ƙi, sai Katsina, a yi maka wankin ƙoda."

Daga nan sai jira. Ruwan da zai sha ma sai an auna, miya ba gishiri. Bai taɓa yin zancen mutuwa ba. Ƙorafinsa duk a kan miyar ne. Masu dubiya suna gaisawa da shi, ni idona yana kan jakar fitsari.

Wata safiya na ga jakar ta kai rabi. Na kira nas, ta duba, ta ce madalla, ta wuce gado na gaba. Bayan nan sai ya zama ba a gajiya da juye jakar.

Ba mu je Katsina ba. Da damina ta sauka ya koma kasuwa, amma a mota. Ciwon jikin yana nan, Inna ke gasa masa da ruwan zafi. Lokaci-lokaci nakan kai shi gwajin jini, mu zauna a layi yana mita.