Injiniya da Bokitin Ruwansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan nan, Allah Ya karɓi ran Injiniya, mutumin da ya zana filin tseren motocinmu, ya kuma tsaya a kansa har aka gina. Na zauna da niyyar rubuta baƙin ciki, sai ga shi duk abin da na tuna game da kai, Injiniya, dariya yake ba ni.

Ka same mu muna samari, muna tsere a babban titi, tsakanin manyan motoci da masu tsallaka hanya. Mun binne abokai, ba mu daina ba. Kowa tsine mana yake yi. Kai kuwa ka shigo garejin da nake kanikanci, ka ce, "Tunda ba za ku bar gudu ba, bari in nema muku inda za ku yi shi ku koma gida da ƙafafunku." Na ɗauka zance ne kawai.

Ashe da gaske kake. Ka yi ta zarya a ofisoshi har takalminka ya suɗe, aka ba ka wani tsohon wurin haƙar tsakuwa. Ka kafa fegi, ka ja igiya, katafila ta shiga. Ga taswira, ga na'urorin awo, amma ba ka yarda da kwana sai ka gwada ta da bokiti. Ka cika shi da ruwa, ka ɗora mini a cinya, ka fizgi akori-kurarka. In ruwa ya zube, karkatar kwanar ba ta yi ba, a sake. Na sha wanka kam. Matata har ta tambaye ni ko fili muke ginawa ko rijiya muke yasa. Mai gireda kuwa da ya hango ni a jiƙe sai ya ta da injinsa, ba ya jiran umarni.

Wuri ɗaya na ga ranka ya ɓaci. Masu ɗaukar nauyin aikin suka so a kafa rumfar 'yan kallo a bakin babbar kwana, don nan kallo ya fi daɗi. Ka ce nan yashi za a zuba, mai faɗi, mai zurfi. Suka ce ɓarnar fili ce, za su janye hannunsu. Ka naɗe taswirarka ka sa a hammata, ka ce, "To ku nemi wanda zai gina muku maƙabarta." Aiki ya tsaya har ciyawa ta fito a kan hanyar, kafin suka sauko.

Bara ɗana na fari ya shiga tsere. A wannan kwanar burki ya ƙi, ina tsaye ina gani. Motar ta bar kwalta, ta nutse cikin yashi, ta tsaya cak. Yaro ya fito yana kakkaɓe riga, yana mitar an wuce shi. Ka dogara sandarka kana dariya har da hawaye, ka ce da ni, "Ƙyale shi, ai mai rai ke mita."

Yaron nan ne ya kama makararka ranar Talata, ya ƙi yarda a karɓe shi har bakin kabari.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da 'ya'ya da jikoki, da duk wanda ya zuba ko da shebur ɗaya a filin nan. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Allah Ya jiƙanka, Injiniya, Ya yafe maka kurakuranka. Yadda ka shimfiɗa wa 'ya'yanmu wuri mai taushi, Allah Ya shimfiɗa maka wanda ya fi shi. Amin.