Dutsen da Ya Huda Rufin Goggo

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun kowa, ina koyarwa a wata firamare a Samaru, ina kwana a Sabon Gari wurin Goggo, yayar mahaifina. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse, ita kaɗai ce a ɗaki da falo cikin wani gidan haya. Ɗakin da ke kallon namu na wata Inyamura ce mai sayar da kwanuka, kowa na ce mata Maman 'Yan Biyu. Ta fi ni iya Hausar kasuwa.

Wata Lahadi ce a ƙarshen damina, mun dawo daga sujada. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Goggo ta shimfiɗa tabarma a falo ta kishingiɗa, ni kuma ina tsakar gida ina wanki. Sai na ga ta fito ba ɗankwali, tana waige-waige.

"Wa ke kira na?"

"Ba kowa, Goggo."

"An kira ni mana. Daga ƙofar gida."

Ta nufi zaure. Ba ta kai ba muka ji wata ƙara daga sama, kamar an yage sabon yadi, sannan wani gum a cikin ɗakinmu wanda na ji shi har a tafin ƙafata. Kajin gidan suka yi tsit.

Da muka leƙa, ƙura ce ke yawo a cikin wani siririn haske da ya sauko daga rufi. Kwanon ya huje, silin ya huje. Tabarmar ta yage daidai inda kan Goggo yake ɗazu, simintin ƙasa ya fashe, kuma a cikin ramin ga wani baƙin dutse, bai fi dunƙulen hannu ba.

Na ɗauka zai yi zafi, na taɓa shi da gefen zani. Sanyi ne da shi kamar an ciro shi daga firji. Muna tsaye muna kallo raɓa ta taru a jikinsa. Ya yi santsi, da 'yan lotsattsun wurare kamar an danna yatsa a cikin tuwo, ga nauyin da ya fi girmansa.

Kafin la'asar gidan ya cika. Wasu suka ce yara ne da gwafa, amma wanda ya ga ramin simintin bai sake faɗin haka ba. Yawancin mutane jifa suka ce, wani ne ya nufi Goggo da mugun abu. Fasto ya zo ya yi addu'a, ya ce a jefa dutsen a rafi. Goggo ta ce to, amma da ya tafi ta naɗe shi a tsohon ɗankwali ta tura ƙarƙashin gado. Maman 'Yan Biyu, wadda ba a raba ta da taro, ba ta fito ba ranar. Ta rufe ƙofarta.

Da yamma na tambayi Goggo muryar wa ta ji.

"Ban san ta ba. Amma da sunana na yarinta aka kira ni. Duk wanda ya san sunan nan yana cikin ƙasa."

Washegari na ɗauki dutsen na kai shi unguwar Chikaji wurin wani ɗan cocinmu mai walda. Ya kara masa maganaɗisu, ya manne. Ya goge gefe ɗaya da injinsa, sai ga cikin toka-toka da ɗigo-ɗigon ƙarfe masu ƙyalli. Ya miƙo mini, ya goge hannunsa a wando, ya ce shi dai bai taɓa ganin irinsa ba.

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da mijin yayarta, malamin jami'a mai nazarin duwatsu. Da na gaya wa Goggo, ta ce ƙafarta ƙafata. Muka hau bas zuwa Samaru, tana rungume da jakarta a cinya har muka sauka.

Malamin dattijo ne mai sanyin murya. Ya daɗe yana juya dutsen a ƙarƙashin gilashi, sannan ya cire tabarau.

"Mama, wannan ba dutsen ƙasar nan ba ne. Daga sama ya zo."

"Na san daga sama ya zo, ɗana, ta rufi ya shigo. Wa ya jefo shi?"

"Ba wanda ya jefo shi."

Ya jawo takarda ya zana rana, ya zana duniyarmu, ya zana duniyoyin Mas da Jupita, ya yi ɗigo-ɗigo a tsakaninsu. Ya ce a can akwai duwatsu birjik suna kewaya rana, ragowar kayan da aka gina duniyoyi da su. Wani lokaci biyu su yi karo, gutsure ya kauce hanya, ya yi ta tafiya cikin duhu da sanyi, shi ya sa cikinsa ke da sanyi ko bayan ya faɗo. Ya ce mai yiwuwa dutsen nan ya girmi duk wani dutse da muka taɓa takawa.

"Tun kafin a haife ni yake tahowa ke nan?"

"Tun kafin a kafa Zazzau, Mama."

"Akwai wasu a baya?"

Ya ce akwai. Ƙanana suna ƙonewa a iska, su ne muke gani muna cewa tauraro ya faɗi. Akwai kuma masu girman gida, da masu girman dutsen Kufena, waɗanda in ɗaya ya sauko gari guda ba zai ishe shi ba. Masu dubawa sun gano wasu, da yawa ba a san inda suke ba, musamman masu tahowa ta wajen rana, don haskenta yana ɓoye su.

Goggo ta dubi taga. Rana ce tsaka, ɗalibai na wucewa suna dariya.

"To, wanda ya kira ni fa?"

Na ba shi labarin. Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Karatuna bai kai nan ba, Mama."

Ya roƙa a bar masa dutsen a aika waje a auna. Goggo ta mayar da shi cikin ɗankwali ta ce ya yi haƙuri.

A bas, muna wuce Kwangila, ta ce mini a hankali, "Da jifa ne da ya fi mini sauƙi. In mutum ne, sai in neme shi in ba shi haƙuri. Wannan wa zan roƙa?"

Kafinta ya toshe rufin, aka cike ramin. Goggo ta ci gaba da zuwa zumuntar mata, tana cin abinci, tana dariya. Sai dai ba ta ƙara kwanciyar rana ba. Kuma ko yaron maƙwabta aka ƙwala wa kira a waje, sai ta miƙe tsaye, ta bar inda take zaune, ta koma wani wuri. Ni ma na canja. In na zo darasin duniyoyi a aji, ina zana da'irori a allo, sai in ji hannuna ya tsaya a filin nan da ke tsakanin Mas da Jupita, inda littafin yara ya bari fari fat.

Duk tsawon lokacin Maman 'Yan Biyu tana kauce mana. Goggo ta ɗauka tsoron jifa take yi. Sai wata safiya ina ɗibar ruwa a famfo ta matso kusa da ni, ta ajiye bokitinta.

"Malama, zan gaya miki magana, kada ki gaya wa Mama."

Ta ce ranar nan ita ma an kira ta. Da yarensu, da sunan da kakarta kaɗai ke kiran ta da shi.

"Daga ƙofar gida?"

"A'a. Daga cikin falonku. Aka ce in shigo in zauna. Na riga na sa takalmi, sai ɗaya daga cikin yaran ya ƙware da ruwa, na juya in buga masa baya. Sai na ji ƙarar."

Bokitina ya cika yana zuba, ita ce ta miƙa hannu ta kashe famfon.

Kafin Kirsimeti ta kwashe kayanta ta koma unguwar Jushi. Ban gaya wa Goggo ba. Mun ƙara shekara biyu a ɗakin, sannan babban ɗanta ya gama gininsa a Zabi ya ɗauke ta. Ranar da muke loda kaya ta sa ya bayyana mata yadda sabon gidan yake, ta tambaye shi ko rufin kwano ne ko na kankare. Ya ce kwano ne. Ta ce ba komai, duk ɗaya ne, ta shiga mota ta zauna a kujerar gaba.