Kunkurun Goggo Shuzhen

Shekara talatin Goggo Shuzhen tana murza taliya a bakin kasuwarmu, ban taɓa jin ta ce wa mutum "ka yi laifi" ba. Sai dai ta yi maka yuyan, wato ɗan gajeren labarin da mai magana ke sa maganarsa a bakin agwagwa ko kwaɗo, ka ji naka ba tare da an kunyata ka ba. Matsalar, nata kan kauce. Ta taɓa yin na ɓeran da ke satar gyaɗa don jikarta ta ji, washegari manya uku suka zo ba ta haƙuri.

Da likita ya ce in mijinta Lao Pan bai bar taba ba huhunsa ba zai kai baɗi ba, wallahi ta tsorata. Shi kuwa ba taurin kai ba ne, kunya ce ta yi masa yawa. A garinmu namiji ya miƙo maka sigari ka ƙi karɓa, ai ka tsinka shi a gaban mutane.

Sai ta ƙirƙiro kunkurun da bai iya cewa a'a ba: kowa ya ba shi garwashi sai ya karɓa ya zuba cikin ƙoƙon bayansa. Kullum tana ba masu cin taliya labarin da ƙarfi, Lao Pan na gefe yana yanka albasa. Mahauci ya bar taba. Direban bas ma ya bari.

"Tsoho, ka ji labarin kuwa?"

"Na ji, tsohuwa. Kunkurun nan sakarai ne."

Kai, ranar har ludayi ta jefa masa!

Aka zo bikin 'yar mahauci. Amarya na bin tebur tebur tana miƙa wa maza sigari tana kunna musu, abin da a al'adarmu ba a ƙi ko da wasa. Ta iso kan Lao Pan, Goggo ta sunkuyar da kai. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa wa amarya albarka, ya hure ashanar da ta ƙyasta yana dariya, ya maƙale sigarin a bayan kunne. Aka yi ta tafa masa.

A hanyar gida ya ciro shi ya danƙa wa Goggo.

"Ungo. Yaya ma ƙarshen kunkurun naki? Ba ki taɓa faɗa ba."

Goggo tana share hawaye ta ce, "Ya tsufa tukuf, yana ta damun matarsa."