Rabin Waƙar Sambo

Shekaranjiya ina cikin adaidaita a Kano aka turo saƙo guruf ɗinmu na masoya wani marigayi mai kukuma, ɗan Maigatari. Wai wani ya tsinci tsohon kaset a shagon mai gyaran rediyo a Gumel, waƙar da ba a taɓa fitarwa ba. Amma a tsakiya ta yanke. Kowa na ta tambaya: wa ya san ƙarshenta?

Na sa a kunne. Ni na san ƙarshenta.

Muna yara a Sule Tankarkar, in sanyi ya shigo, kakarmu Inna takan hura wuta da kara a tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka. "Ga ta nan, mai gyangyaɗi ya farka," in ji ta, sai ta zungure ni. "Kai kuma mijin banza, ba cefane, sai cin gyaɗa."

Akwai tatsuniyar da ba ta cika yi ba. Wai shekarar da ruwa ya ƙi, wani makiyayi Sambo ya kora shanu arewa neman ciyawa. Ya ce da abokinsa mai kukuma, "Yi min waƙa. In na ɓata, ka kira ni da ita." Shanun suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Sambo bai dawo ba. Mai kukuma ya yi waƙar, amma ya ƙi rera ta gaban jama'a, don ƙarshenta kira ne, kuma wai in an kira ana amsawa.

Nan Inna za ta rage murya ta rera: "Sambo, shanu sun iso, kai muke jira." Sai ta yi shiru, ta karkata kunne wajen zaure. Gyaɗa na ƙonewa, ba mai motsi.

"Inna, ya amsa?"

"Rufe min baki, sarkin surutu. Kuma kar in ji ta a waje."

Wannan kaɗai ce ba ta taɓa rufewa da ƙurunƙus ba.

Da na sauka daga adaidaitar na kira mahaifiyata. "Umma, waye Sambo?" Ta ce, "Ƙanin Inna ne. Wa ya gaya maka?"

Na riga na yi suɓutar baki a guruf cewa na san ta, sai suka sa ni gaba. "Haba oga, kar ka yi mana rowa!" Wani har ya ce zai ɗora mata sabon kiɗa. A ɗaki na danna rikodin, na rera har na kai sunan. Kawai na tsinci kaina na yi shiru, kunnena a ƙofa. Na goge.

Da na ɗauka tsoron aljanu ne ya sa Inna ta hana mu. Ashe ba haka ba ne. In waƙar ta shiga wayoyi, kowa zai kira Sambo, ba wanda zai tsaya ya ji ko ya amsa. Inna ta rasu tana saurare. Yanzu saura ni.