Amsar Da Na Bayar A Gaban Surukata

Wata rana ina zaune a bencin asibiti ina jiran ganin likita, sai na ji wata mata ta tare nas:

"Sista, wai don Allah me ya sa sai kun tambayi mace ko ta kwanta da mijinta kafin hoton mahaifar nan? Ina ruwan hoto da shimfiɗar mutane?"

Matan layi suka kwashe da dariya.

Nas ɗin ta ce, "Baiwar Allah, ba gulma muke nema ba. Ruwa ake turawa cikin mahaifa, a haska a ga ko hanyar ƙwai a buɗe take. In akwai ƙaramin cikin da ba a sani ba, zai iya taɓuwa. Shi ya sa in da shakka mukan gwada fitsari, ko mu ɗaga zuwa wani watan."

Kowa na dariya, ban da ni.

Don ni an riga an yi min nawa, wata guda da ya wuce.

Shekara uku da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. Da likita ya rubuta hoton, an ba ni wata takarda da Turanci. Ban gane rabinta ba. Na ninke na sa a jaka, don kar a ce amaryar gidan ba ta yi karatu ba.

Ranar hoton maigida yana wurin aiki, sai mahaifiyarsa ta raka ni. Hajiya mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa yi min gorin haihuwa ba. Ita ta riƙe min jaka, ita ta riƙe min hijabi.

Tana tsaye a gefena wata nas ta ɗauko biro.

"Al'adarki ta zo yadda ta saba?"

Kwana biyu kacal ta yi, ɗan kaɗan, ba irin tawa ba. Na ce eh.

"Tun da ta ɗauke kun sadu da maigida?"

Hajiya ta juya fuska, ta yi kamar tana duba kalandar bango.

Ta yaya zan buɗe baki a gaban uwarsa?

Na ce a'a.

Aka yi hoton.

Bayan kamar kwana goma mara ta murɗe ni, jini ya ɓalle guda-guda, irin wanda ban taɓa gani ba. Hajiya ta dama min kunun kanwa, tana shafa bayana.

"Dattin ne ke fita, 'yata. Ai an wanke mahaifa."

Na yarda. Wallahi har daɗi na ji.

Sai ranar nan a kan benci.

Na jira layi ya ragu, na bi nas ɗin har bakin famfo inda take wanke hannu.

"Sista, in mace ta riga ta yi, kuma ba ta faɗi gaskiya ba, sai jini ya zo mata da yawa... ciki ne ya fita?"

Ta kalle ni. "Ke ce?"

"A'a. Wata ce."

Ta daɗe tana goge hannu.

"Ki ce wa watar, yanzu ba mai iya sani sai Allah. Wataƙila ciki ne, wataƙila ba shi ba ne. In jinin ya dawo ko ta ji zazzaɓi, ta zo. Ita kaɗai."

Da na shiga, likita ya ce hanyoyina duka a buɗe suke.

Maigida ya dawo da tsire don murna. Hajiya ta yi sadakar waina. Ni yanka ɗaya na ɗauka, na ajiye.

Yau wata huɗu ke nan da hoton. In ciki ne, da yanzu ya fara motsi.

Darasi: 'yar'uwa, in nas ta tambaye ki abin da ba za ki iya amsawa a gaban babba ba, ki ce a ba ki wuri. Minti ɗaya ne. In takarda ta fi ƙarfinki, ki ce a karanta miki. Iyayenmu masu rakiya, don Allah ku tsaya a bakin ƙofa.

Ku tura wa duk wadda aka rubuta wa hoton nan, kafin ranarta ta zo.

Ni ban sa sunana ba, kar ku nema. Sau uku ina buɗe baki zan faɗa wa maigida, sai in tuna shi da Hajiya za su soma tambayar da ba ta da amsa, ita kuma ta ce tsayuwarta a gefena ce ta jawo.

Na bar shi a cikina. Ba zan faɗa wa kowa ba.